Amsa: Tsintar duwatsu a dajin gwamnati a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya tsintar duwatsun kiristal a dajin Ouachita na jihar Arkansas ba da takardar izini ba. Za ka iya, muddin kaɗan ne na ajiyar gida, ba na sayarwa ba. Ka nufi wajajen garin Mount Ida bayan an sha ruwan sama, za ka gansu a jar ƙasa suna ƙyalli kamar gilashi.

Amma kan kibiyar dutse na mutanen da, kada ka taɓa. Haka ƙashin dabbar da ya zama dutse, wata dokar Amurka ta 2009 ta hana ɗauka sai da izini. Ni dai kafin in shiga sai na leƙa ofishin masu kula da dajin, domin masu haƙar ma'adinai sun riga sun yi rajistar wasu filayen.