Matsuwar fitsari ba dare ba rana: amsoshin Likita

Tambaya: Likita, shekarata 48. Da na dawo gida na sa makulli a ƙofa, sai fitsari ya kama ni, wani lokaci kafin in kai banɗaki har na jiƙa zani. Na rage shan ruwa sosai, amma abin sai gaba yake yi.

Amsa: Sannu Malama. Mafitsarar babban mutum tana iya riƙe kusan rabin lita, kuma tsokar da ke jikinta ba ta matsewa sai an ba ta izini. Taki ta koyi yin gaban kanta: ko cika ba ta yi ba, sai ta matse. Jin ƙarar makulli ko zubar ruwa ya isa ya tayar da ita. Idan mutum yana zagayawa fiye da sau 8 a yini da dare, ga wannan matsuwa ta ba-zata, muna zargin hakan.

Rage ruwan nan kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Fitsarin yakan yi kauri ya riƙa tsikarar mafitsara. Ki koma shan lita 1.5 zuwa 2 a rarrabe, ki rage kofi da shayi da lemon kwalba. Sannan ki samu takarda, kwana 3 kina rubuta abin da kika sha da lokacin da kika zagaya. In kin ga duk awa ɗaya kike tashi, ki ƙara minti 15 a kai, ki riƙe hakan na mako guda, sannan ki sake ƙarawa, har ki kai awa 3 ko 4. Idan matsuwar ta taso kada ki ruga. Ki tsaya cak ko ki zauna, ki matse tsokar da kike riƙe tusa da ita sau biyar ko shida, sai kin ji ta lafa ki taka a hankali. Wannan horo yana son aƙalla mako 6, kuma mafi yawan masu ce mini bai yi aiki ba a mako na biyu suka ajiye shi. Abu ɗaya da nake yawan faɗa da shi: zuwa banɗaki don kada a ji fitsari a hanya. Koya wa mafitsara raki ne kawai.

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 70, yana tashi sau 4 cikin dare. Tsufa ne?

Amsa: Kada a ɗora wa tsufa laifi tukuna. A kai Baba a gwada fitsarinsa da sukarin jininsa, a duba furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, domin in ta kumbura takan hana mafitsara juyewa duka. Idan yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, a tambayi likitansa ko za a maida shi na safe. Ya tsayar da shan ruwa awa 2 kafin kwanciya. In aka ga jini a fitsarin, ko zazzaɓi, ko fitsarin ya ƙi fita, ranar za a je asibiti.

Tambaya: Babu maganin da zan sha in huta da matsuwar fitsari?

Amsa: Akwai, Malam, amma bayan horon da na bayyana a sama yake zuwa. Oxybutynin da solifenacin suna kwantar da tsokar mafitsara, sai dai suna busar da baki, su kawo taurin bayan gida, shi kuma taurin bayan gidan yana ƙara matsuwar. Ga tsofaffi oxybutynin yakan jawo ruɗewa, shi ya sa ba na son a saya ba tare da an ga likita ba. Mirabegron bai cika busar da baki ba, amma yana iya ɗaga hawan jini. Idan duk sun gaza, ana yin allurar Botox a bangon mafitsara, takan yi wasu watanni tana aiki kafin a sake.