Tambaya da Amsa: Injin surfani ya cije bayan an yi masa sabis

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon aikin kwamfuta a Fagge, muna yi wa teloli surfani a wuyan kaftani da aljihu, wani lokaci har babbar riga. Injina ɗan Sin ne mai kai 6, kowane kai allura 12, na hannu na saye shi, kuma bai taɓa ba ni wahala ba. Ranar Asabar ni da yarana muka yi masa sabis. Muka cire farantan allura, muka hure ƙura da bulawa, muka canza allurai, muka sa mai. Da muka tayar, bai yi nisa ba sai muka ji ƙas, ya tsaya cak. Allon yana nuna babban shaf, wato sandar ƙarfen da ke jan kawunan, bai koma mazauninsa ba, na gwada juya shi da hannu ya ƙi. Yarona ya ce a sa sifana a murɗa, maƙwabcina kuma ya ce taimin ne ya goce, wato allura da huk (ƙarfen da ke ɗauko zare a ƙasan faranti) ba sa haɗuwa a kan lokaci, in kwance huk in sake saiti. Ga Salla ta matso, ga kayan mutane jibge. Yaya zan yi?

Mai shago, Fagge, Kano

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo sauƙi. Kafin komai ka karɓe sifanar nan daga hannun yaron, kai ma kada ka taɓa notunan huk tukuna. Injin da yake aiki lafiya ranar Juma'a, aka taɓa shi Asabar ya cije, matsalarsa tana cikin abin da hannu ya taɓa. Abu huɗu kuka yi, farantai, bulawa, allura da mai, kuma a cikinsu za mu nema. Hurar iska da ɗigon mai ba sa gusar da taimin. Ko da ya goce ma, inji yakan ci gaba da juyawa ne, yana tsallake ɗinki, yana tsinka zare, yana karya allura. Wanda ya ƙi juyawa da hannu, wani abu ne ya tokare shi.

Kawunan nan 6 shaf ɗaya ke jan su, kamar shanun huɗa ne, in ɗaya ya durƙusa ɗan'uwansa ma ba ya gaba. Saboda haka kai ɗaya ne ya riƙe sauran, shi za mu fara ganowa. Idan kuwa aka murɗa da ƙarfi, abin da zai fara fashewa shi ne ɗan robar nan da ke ɗaga sandar allura yana sauke ta, ko sandar ta lanƙwashe, ko huk ya zame a kan shaf ɗinsa. A nan ne taimin zai goce da gaske.

Ka kashe wuta daga soket. Ka dubi kawunan ɗaya bayan ɗaya, wanne ne allurarsa ta karye ko ta maƙale a ƙasa? Idan yadi ya kama da farantin, kada ka fizge, shaddar mutane ce. Ka ɗaga shi a hankali, ka zura reza tsakaninsa da farantin ka yanke curin zaren da ya taru. Daga nan ka cire ƙoshiya, wato abin da ke ɗauke da zaren ƙasa, daga dukan kawunan, ka sake cire farantan, ka kawo tocila.

Yanzu sai ka sa yaro ya riƙa motsa shaf ɗin kaɗan-kaɗan, gaba da baya, iyakar inda ya yarda ya je, kai kuma idonka na kan huk. Huk gida biyu ne. Na wajen, mai tsinin da ke ɗauko zare daga allura, shi ke juyawa, sau 2 a duk saukar allura guda. Na cikin, inda ƙoshiya ke zama, ba ya juyawa, wani ɗan ƙarfe mai kama da yatsa ne ya shiga tsagar da ke samansa ya riƙe shi. A kai mai lafiya, in ka taɓa gidan cikin da yatsa za ka ji yana ɗan wasa. A kan da ya cije za ka ji shi ƙam, ya manne da na waje. Tsakanin gidajen biyu akwai siririyar hanya da suke gogayya, guntun zare ɗaya in ya shige ta ya isa ya tsayar da injin gaba ɗaya. Ni dai zatona a nan matsalarka take, kuma bulawar nan nake zargi. Iska mai ƙarfi tana fitar da ƙurar da ake gani, sai ta cusa guntayen zare inda buroshi ba zai kai su ba. Shi ya sa ba na son ta a kusa da huk ko kaɗan. Buroshi mai laushi da matsefata sun fi ta.

In ka same shi, ka ɗiga farin man keke a hanyar, ka ba shi 'yan mintoci ya ratsa, sannan a ci gaba da motsa shaf ɗin gaba da baya. Da bakin zaren ya leƙo sai ka kama da matsefata ka ja, yaron yana juyawa baya. Abin yana son haƙuri. Idan zaren ya ƙone ya daskare, ɗigon kananzir yana sassauta shi, amma ka goge sarai bayan nan ka sake sa mai.

Sai maganar ƙas ɗin da kuka ji. Wannan ƙarar allura ce ta daki ƙarfe, kuma dole ka san abin da ta daka, in ba haka ba za ta sake. Ka fara tattara gutsattsarin allurar ka jera su a kan farar takarda. In ba su cika allura guda ba, ragowar tana ciki, sau da yawa ma tsinin ne ke tokare huk ɗin.

Allurar waɗannan injuna ita ce DBxK5, mai lamba 75/11 ce aka fi aiki da ita. Gindinta zagaye yake, ba shi da gefe mai faɗi irin na allurar keken gida, don haka kowace fuska aka juya ta za ta shiga ta ɗauru. Dogon kwarin ya kalle ka, ɗan lotsawar da ke saman kafar allura ta kalli baya, domin ta nan tsinin huk ke wucewa. Sannan a tura ta sama har sai ta tokare kafin a ɗaure. Allura 72 kuka canza a yini ɗaya, hannu fiye da ɗaya, ba abin mamaki ba ne a samu wadda ba ta kai ƙarshe ba. In ta sauko ko da milimita 1 ne, za ta iya dukan gidan ƙoshiya. Ka bi su duka, har na kawunan da ba su nuna komai ba.

Farantin allura kuma, ba a ɗaure shi tamau sai an sauko da allura da hannu an ga ta faɗa tsakiyar ramin. Ka shafa bakin ramin da farce, in ka ji kaushi to nan ta daka. Gaba in za ku cire, ku rubuta wa kowane lambar kansa a baya, ya koma inda ya fito.

A ƙarƙashin farantin akwai wuƙaƙen yanke zare guda 2, ɗaya a kafe, ɗaya mai motsi. Wajen shara ana yawan ture mai motsin, a manta ba a mayar da ita ƙarƙashin 'yar'uwarta ba, sai ta tsaya a hanyar allura. Ka duba wannan da kyau. Ka duba ɗan yatsan da ke riƙe gidan ƙoshiya shi ma, yana cikin tsagarsa? Ya kamata ya shiga, amma ya bar 'yar kafar da zare zai wuce. Ƙoshiya kuwa, in ba ka ji ta ce ƙyas ba lokacin sa ta, ba ta zauna ba.

Saƙon da allon ke nunawa kada ya dame ka, gaskiya yake faɗa, shaf bai koma ba domin an riƙe shi. A injunan kamfanin Tajima da yawancin injunan Sin da suka bi tsarinta, mazaunin tsayawa shi ne digiri 100 a faifan lambobin da ke jikin shaf. Idan ya saki, ka juya shi zuwa 100. Kada ka yi ƙoƙarin canza kala, da maɓalli ko da hannu, in ba a nan yake ba. In kuma kan ya tsaya tsakanin allura biyu, ka murɗa mariƙin canjin kala a hankali har lambar allura ta fito a allo. Idan shaf yana juyawa sumul da hannu amma saƙon ya ƙi tafiya, sai a koma kan na'urar da ke karanta juyin shaf. Ƙura kan shiga idonta, ko filoginta ya saki wajen shara. Ka kuma tabbatar wutar janareto ko ta gari ta cika.

Sai bayan duk wannan ne za ka duba maganar maƙwabcinka, kuma dubawa kawai. Ka juya shaf zuwa wajen digiri 200. Tsinin huk ya kasance daidai bayan allura, a cikin lotsawar nan, sama kaɗan da kafar, tazarar da ke tsakaninsu kamar kaurin takarda. Ainihin lambar tana littafin injinka, injin kamfanin Barudan ma lissafin digirinsa daban ne. Kai kana da sauƙin da mai kai ɗaya ba shi da shi, kawuna 5 lafiyayyu suna gabanka, ka kwatanta da su. In na shidan ya bambanta, ka kira makaniki ya saita wannan kaɗai, ka tsaya a kansa kada ya kwance sauran.

Kafin ka ba shi wuta, ka juya shaf da hannu zagaye 2 cikakku babu ƙoshiya, ka sake da ƙoshiya a ciki. In ka ji ko ɗan tokari, ka tsaya. In ya wuce, ka tayar a gudu kamar ɗinki 400 a minti a kan ƙyalle, wanda zai kuma shanye rarar mai kafin ka ɗora farar shadda. Man nan ɗigo ɗaya ya wadatar wa kowane huk da safe, a ƙara in aiki ya yi tsawo. Yawansa ƙura yake tarawa, balle da hunturu, kuma ban da baƙin mai ko man gyaɗa.

Idan ka tarar tsinin huk ya guntule ko wuƙa ta karye, ba sai aiki ya tsaya ba. Huk ɗin zai ci gaba da juyawa ko an kashe kan, saboda haka ka tabbatar ya saki sarai, ka cire ƙoshiya da alluran wannan kan, ka kashe shi da maɓallinsa, ka ci gaba da kayan Salla a kawuna 5 kafin a samo sabo.