Shin tsohon modem zai yi aiki a layin wayar da ke bi ta intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wurin aikinmu akwai tsohuwar kwamfuta da ke kiran wata na'ura ta modem, irin mai kukan nan kafin ya haɗu. An cire mana layin tarho na da, an ba mu wanda ke bi ta intanet. Tun daga ranar, sai ya yi ta kuka ya katse. Shi ne ya lalace, ko matsalar layin ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi saurin jefar da shi, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, hanya ce aka sauya masa.

Aikin modem shi ne ya mayar da bayanai sauti, na ɗaya ɓangaren ya saurara ya mayar da su yadda suke. Tsohon layi hanya ce guda a buɗe tun daga ɗaga waya har ajiyewa, sauti na gudana ba yankewa. Layin intanet kuwa datsa sautin yake guntu-guntu, galibi kowanne na milisakan 20, ya tura su cikin cunkoson sauran kaya. Wani guntun ya makara, wani ya ɓace ɗungurungum. Idan hira kake yi, kunnenka zai cike giɓin ba tare da ka lura ba. Modem ba shi da wannan haƙurin. Giɓi kaɗan ya isa ya rikita shi, shi da na ɗaya ɓangaren su koma daidaitawa daga farko, in abin ya yi yawa su rabu.

Abin da ya fi yi masa illa shi ne matse sauti. Tsarin G.729, alal misali, yana matse murya zuwa kilobit 8 a daƙiƙa (bit ma'aunin bayanai ne, kilobit kuwa bit dubu ne), kuma don maganar ɗan'adam aka ƙera shi, duk abin da bai yi kama da murya ba sai ya dagula shi. Kukan modem kuwa ba murya ba ne. Wanda ke ba shi dama shi ne G.711, mai kilobit 64, da ke ɗaukar sautin kusan yadda tsohon layi ke yi.

Saboda haka fara da ɗan akwatin da ake soka wayar a jikinsa. Ka sa shi a G.711 kaɗai, ka kashe abin da ke hana amsa-kuwwa da wanda ke daina aikawa idan layi ya yi shiru. Ka haɗa akwatin da kebul, ba Wi-Fi ba. In kamfani ya kulle saitin, ka nemi su yi maka.

Sannan ka rage gudun modem ɗin, kuma a ganina wannan ne ya fi ceton mutane. Batun kilobit 56 na tsarin V.90, wanda aka amince da shi a 1998, cire shi a ranka, domin yana buƙatar daidaiton lokaci da wannan hanyar ba ta iya tabbatarwa. Gwada bit 9,600 a daƙiƙa, in ya ƙi ka sauka 2,400. A modem da yawa umarnin AT+MS ne ke yin haka. Na'urar da 'yan lambobi kawai take aikawa ba za ta ji bambancin ba.

Kada T.38 da ka gani a saiti ya ruɗe ka, na faks ne kawai. Takwaransa na modem, V.150.1, ya fito a 2003, amma kayan da ke aiki da shi ba su da yawa, kuma sai ɓangarorin biyu sun san shi.

Ba ka faɗi irin na'urar da kuke kira ba. Idan ta ƙararrawar gobara ce ko ta tsaro, ina roƙonka kada ka dogara da waɗannan gyare-gyaren, don layin intanet yana mutuwa da zarar wuta ta ɗauke sai in akwai batir. Nemi mai kula da ita ya sa mata abin haɗi na salula ko na intanet kai-tsaye.