Amsa: Ina zan kai baƙona a Kaduna?

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka zai zo daga Jamus ya kwana biyu, kana neman inda za ka zaga da shi. To, kada ka tsare shi a otal da abincin Turawa, ya baro shi a gida.

Da safe ka kai shi Kasuwar Gumi da ke titin Ahmadu Bello, ya ga atamfa da shadda da hulunan Zanna. Amma kai za ka yi cinikin, shi ya ja bakinsa ya yi shiru, don da an ga jar fata kuɗi ya ninka. In gwanjo yake so, sai Kasuwar Barci.

Abinci kuwa, masa da miyar taushe, a kora da fura da nono mai sanyi. Bayan magariba sai wajen mai tsire, a yanka masa da zafinsa a takarda, da albasa. Yajin dai a zuba a gefe. Na taɓa ganin wani Bature yana hawaye yana cewa a ƙaro!

Da la'asar ku sha iska a wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji, bakin kogin Kaduna. In kiɗa da hayaniyar dare yake so, ku tsallaka gada zuwa Barnawa, amma da motarku, kuma ku dawo da wuri.