Amsa ga mai tambaya ko zane zai iya riƙe mutum a Kaduna

Ƙanina na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce ka gama sakandare, hannunka ya faɗa a zane, amma Baba ya ce wannan ba sana'a ba ce, wai shin ana cin abinci da shi a garin nan ko sai mutum ya tattara ya koma Legas. Na ga wasu suna ce maka ka bi ra'ayinka kawai. Ni dai shekarata 14 a cikin aikin nan, bari in gaya maka yadda yake sai ka auna da kanka.

Shagona ɗaki ɗaya ne a Tudun Wada. Daga gari ya waye zuwa wajen sha ɗaya nake zane saboda hasken rana nake bi, kalar da ka haɗa da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki in ka duba ta da safe sai ka ga wata aba daban, balle Nepa ma ba ta da tabbas. Sauran yinin kuwa yawo ne, Panteka wajen kafinta a kan firem, amsa mutane a WhatsApp masu tambayar farashi su ɓace, bin bashi. Wallahi in na lissafa, riƙon buroshi bai fi kashi ɗaya cikin uku na lokacina ba. Ga hunturu, fentin akirilik ya bushe a faranti tun kafin ka kai shi kan kanbas, na mai kuma ya kwana uku a jiƙe ƙura ta manne masa. Damina ta zo fumfuna ta ci bayan zanen da ka jingina da bango.

Maganar kuɗi, fuskokin mutane ne ke biyan haya, gaskiya kenan. Amarya da ango, oga zai yi ritaya ma'aikata sun yi karo-karo, wani an naɗa shi sarauta. Da muna samu a rubutun allon shaguna amma injin buga bana ya kashe wannan kasuwar tuni. To a nan ne zan ja maka kunne, kada ka taɓa ɗaga fensir ba a ba ka kafin alƙalami ba, rabi nake karɓa ko ɗan uwana ne. Wani Alhaji ya taɓa kawo min hoton mahaifinsa marigayi, ɗan ƙaramin fasfo ne duk ya koɗe har ruwa ya taɓa gefe ɗaya, na ji nauyin yi masa maganar kuɗi saboda na ga idonsa ya kawo ƙwalla, na yi sati uku a kai da gawayi, rawanin kaɗai ya ci min kwana huɗu, da ya zo ya tsaya ya kalla ya kalla sai ya ce "Malam aiki ya yi kyau, amma wannan ba hancin Baba ba ne." Ya ce zai dawo. Tsohon yana nan a shago yana kallona har yau, har na saba gaishe shi da safe.

Wani abu kuma da ban ga kowa ya taɓo ba, batun hoton mai rai. Wataƙila ma shi ne a ran Baba bai faɗa ba. Akwai gidajen da ba za su rataya fuskar mutum a falo ba ko kyauta ka ba su, amma su sayi rubutun aya ko Dagin Arewa ko irin zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da kuɗi mai kyau. Ni sai da na koma na koyi rubutun Larabci wajen wani malamin zayyana, kuma shi ne aikin farko da mahaifiyata ta yarda ta nuna wa ƙawayenta.

In da hali ka nemi Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, sashen zane na can tsoho ne. A Zariya ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna ɗalibai, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai ba. Irin su Farfesa Jerry Buhari duk 'yan gidan ne. Kwalin ba zai sayar maka da zane ba, amma zai ba ka koyarwa a makaranta, kuma albashin nan komai ƙanƙantarsa shi ya riƙe ni shekara biyar na farko.

Masu sayen zane don zane kuwa Abuja da Legas suke, Kaduna sai jefi-jefi, kamar lokacin KABAFEST, bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017. Za ka ji ana labarin ART X, bajekolin zane da ake yi a Legas tun 2016, ko zanen Ben Enwonwu da aka sayar fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, kada wannan ya ruɗe ka, mu namu shi ne ka naɗe zane ka hau jirgin ƙasa a Rigasa, ka kai galari, wato gidan baje zane da sayarwa, su ɗauki kasonsu, wasu har rabi, sannan ka yi wata shida kana jiran alat.

Duk da haka ranar Lahadi ba na taɓa aikin kowa. Nawa nake yi, shekara biyu kenan ina zana 'yan gwanjon Kasuwar Barci, ba wanda ya sa ni kuma guda biyu kawai na sayar, amma su ne suka sa wata galari ta fara kirana da kanta.

Kada ka yi jayayya da Baba, ka yi rajistar JAMB ɗinka. In kana so ka turo min zane goma ta inbos in duba, amma ban da fuska, kowa ya iya kwafe fuska daga waya. Hannaye da ƙafafu nake son gani.