Yarinyar da aka haifa a gudun hijira ba a yanka mata ragon suna ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni 'yar Wad Madani ce ta ƙasar Sudan. Na fita garin da tsohon ciki a watan Disamba na 2023 da yaƙi ya iso mu, na haihu a Gadarif cikin wata makaranta da aka sauke 'yan gudun hijira. Washegari maigidana ya yi wa jaririyar huɗuba, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, muna kiranta Ummi. Ranar bakwai ta zo ta wuce ba rago ba aski, ko abin da za mu ci sai an kawo daga takiyya, wato wurin da ake dafa abincin sadaka. Yanzu ta haura shekara biyu, na yaye ta, mun koma gida mun tarar ba komai. Yarinyar ba ta da ƙwari. Ta yi jinkirin tafiya, maganarta ba ta wuce kalma uku zuwa huɗu ba, gudawa da zazzaɓi kuma ba sa barinta. Uwar mijina ta ce duk rashin yanka ne, wai yaron da ba a zubar masa da jini ba sunansa bai zauna ba, a jingine yake. Ta matsa wa ɗanta ya ci bashi a yi simaya, wato bikin suna da yanka, kamar yadda aka yi wa yayyen Ummi biyu, shi kuwa lebura yake yi, yau samu gobe rashi. Malam, sunan 'yata ya tabbata? Muna da laifi wurin Allah? Mu ci bashin? Ina kuma da wa a Jidda da ya ce zai yanka mata a can, ko hakan ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya raya Ummi, ya ba ta lafiya, ya mayar muku da abin da kuka rasa, ya kashe wutar wannan yaƙi.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Sunan 'yarki ya tabbata tun ranar da mahaifinta ya raɗa shi, babu zunubi a kanku ko kaɗan, kuma ban ba ku shawarar cin bashi ba. Ga dalilai.

Raɗa suna daban, yanka daban. Mu ne muka saba haɗa su a safiya guda har muka ɗauka ɗaya ba ya yiwuwa sai da ɗaya. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ce: "An haifa mini ɗa a daren jiya, na sa masa sunan babana Ibrahim." Abu Musa Al-Ash'ari ya kai masa jaririnsa, ya sa masa suna Ibrahim, ya tauna dabino ya shafa masa a ganɗa. Imam Bukhari ya kawo wannan hadisin a ƙarƙashin babin da ya sa wa suna raɗa wa jariri suna a safiyar haihuwarsa ga wanda ba zai yi masa yanka ba. Kin ga kamar da gidanku yake magana. A cikin Alƙur'ani ma matar Imrana tana haihuwa ta ce: "Kuma lalle ni na sa mata suna Maryam" (Ali Imrana, aya ta 36), malaman tafsiri irin su Ibn Kasir suka kafa hujja da ayar kan halaccin sa suna ranar haihuwa. Haƙƙin sa suna na uba ne, ya kuwa yi amfani da haƙƙinsa. Da wannan suna za a ɗaura mata aure, da shi za ta ci gado.

Shi yankan, wato aƙiƙa, sunna ne abin so a wurin jumhurun malamai, bai kai wajibi ba. Imam Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa aƙiƙa ba wajiba ba ce, sai dai ana son aikata ta, kuma abu ne da mutanen Madina ba su gushe suna yi ba. Da aka tambayi Annabi (SAW) game da ita sai ya ce wanda aka yi wa haihuwa, ya so ya yi yanka domin ɗansa, to ya yi. Ya rataya abin ga son mutum. Idan wajibai ma suna faɗuwa saboda gazawa, ina ga sunna? "Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya" (Baƙara, aya ta 286). Mutumin da ke kwana a ajin makaranta da mai jego da yara biyu, yana jiran abincin takiyya, ba a neme shi da rago ba tun farko, balle a ce ya bar abin da aka nema.

Ba ku kuka fara ba. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa Mai Wurno a gaɓar Nilu, da ayarin alhazan ƙafa da kan shafe shekaru tsakanin ƙasar Hausa da Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, mata sun haihu a zango da cikin daji. Wasu an yanka musu, wasu ba a samu hali ba, kuma daga tsatsonsu malamai da mahaddata suka fito a garuruwan nan.

To yanzu da shekara biyu ta wuce, ana bin ku ramuwa? Nan malamai suka saɓa. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kai da Risala da Muhtasar, shi ne lokacin aƙiƙa ranar bakwai ce, idan rana ta faɗi ba a yanka ba ta wuce, ba a rama ta. Akwai ruwayar Ibn Wahab daga Malik cewa wanda ya rasa bakwai ta farko ya yi a ta biyu, Tirmizi kuma ya hakaito cewa ma'abota ilimi suna son ranar bakwai, in ba a samu ba ranar 14, in ba a samu ba ranar 21. Hambalawa sun ce bayan 21 uba zai iya yi a duk ranar da ya samu. Shafi'awa sun buɗe ƙofar har zuwa balaga, amma su ma sun ce uban da ke cikin talauci tun daga haihuwa har mafi tsawon kwanakin jinin biƙi suka ƙare, wato kwana 60 a wurinsu, ba a neman ta a wurinsa bayan nan.

Abin da na rinjayar shi ne: ba a binku komai, amma ƙofar lada ba ta rufe ba. Ranar da Allah ya hore wa maigidanki, ko bayan shekara biyar ne, ya yanka da niyyar aƙiƙa, muna masa fatan ladanta bisa zancen waɗanda suka halatta. In bai samu ba har abada, ba zai tsaya gaban Allah a tambaye shi rago ba.

Na dawo kan maganar Hajiya, uwar mijinki, domin ita ce ta fi yi miki nauyi a zuci. Kalmar jingina da ta ambata tana da asali. Samura ɗan Jundub ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce kowane yaro jingine yake da aƙiƙarsa, a yanka masa ranar bakwai, a yi masa aski, a sa masa suna. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun kawo shi, hadisi ne ingantacce. Sai dai fassarar da ta ba shi ba ta malamai ba ce. Imam Ahmad ya ce maganar ceto ce, wato ceton da yaron da ya rasu yana ƙarami zai yi wa iyayensa. Ibnul Ƙayyim bai gamsu da wannan ba, ya ce ma'anar ita ce Allah ya sanya yankan sababin kuɓutar da yaro daga riƙon Shaiɗan. Wasu suka ce salon ƙarfafa sunnar ne kawai. Duk cikin waɗannan fassarori babu mai cewa yaro zai yi gudawa ko bakinsa ya ƙi buɗewa don ba a yanka masa ba, kuma dukkansu suna magana ne kan mai hali da ya yi sakaci. Allah ba ya kama jariri da talaucin ubansa. Yara nawa aka yanka wa raguna biyu suka yi ta jinya, yara nawa ba a yanka wa ko kaza ba suka tashi garau? Jingina cuta ga abin da Allah bai sanya shi sababi ba, ta hanyar shari'a ko ta hanyar da likitoci suka sani, camfi ne, kuma Annabi (SAW) ya hana camfi.

Abin da ke ba ni tsoro a wannan magana shi ne ta ɗauke hankalinku daga inda cutar take. Yarinyar da aka haifa a sansani, ta sha nonon uwar da ba ta ƙoshi, aka yaye ta a gidan da aka tarar ba komai, ga gudawa a kai a kai, abu na farko da za a duba mata shi ne tamowa. Gudawa tana cinye ɗan abin da yaro ya ci, rashin abinci kuma yana buɗe wa gudawa ƙofa, su biyun suna jinkirta tafiya da magana. Yawancin yara kan fara haɗa kalma biyu a wajen shekara biyu, don haka wadda ta haura biyu da kalma huɗu tana bukatar a duba ta, har da kunnenta, domin yaron da ba ya ji sosai ba ya saurin magana. Kai ta asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa a wannan makon, a auna nauyinta da damtsenta, a duba katin rigakafinta, musamman na ƙyanda, tunda yara da yawa sun rasa allurarsu a lokacin gudu. Wannan a kanku wajibi ne gwargwadon iko. Annabi (SAW) ya ce: "Ku nemi magani, ya ku bayin Allah." Ya kuma ce ya ishi mutum zunubi ya tozartar da wanda ciyarwarsa ke kansa. Ku haɗa da addu'ar da yake yi wa Hasan da Husaini, ta neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga kowane shaiɗan da abu mai dafi da kowane ido mai cutarwa.

Batun bashi kuwa, zai yiwu wani ya kawo muku maganar Imam Ahmad cewa wanda ya ranci kuɗi ya yi aƙiƙa yana fatan Allah zai mayar masa, domin ya raya sunna. Maganar ta tabbata daga gare shi, amma malaman mazhabarsa, ciki har da Ibn Taimiyya, sun bayyana cewa tana kan mai hanyar biya ne, kamar ma'aikacin da ke jiran albashi ko manomin da ke jiran kaka. Wanda ba shi da ita kada ya ranta, domin zai cuci kansa ya cuci mai ba shi. Lebura mai yau samu gobe rashi yana cikin kashi na biyu. An kuma ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Wannan ita ce jinginar da ta kamata maigidanki ya ji tsoro.

Yayanki na Jidda, Allah ya saka masa. Ya halatta wani ya yi wa yaro aƙiƙa idan uban ya yarda, domin Annabi (SAW) ne ya yanka wa jikokinsa Hasan da Husaini alhali mahaifinsu Ali yana raye. Wurin yanka ma ba sharaɗi ba ne, idan ya yanka a Jidda ya yi. Amma da ni zai tambaya, sai in ce ya turo kuɗin ta manhajar banki ta Bankak ko ta hannun amintacce. A fara da asibiti da abincin yarinyar, madara da ƙwai da wake da gyaɗa. In an samu ragowa a sayi dabba a nan Madani, inda maƙwabtanku ke wata da watanni ba su ga nama ba, ita ma Ummi ta sha romo. Ba dole sai rago ba. Dabba ɗaya ta isa ga 'ya mace a wurin kowa, tunkiya ko akuyar da ta cika shekara ta shiga ta biyu, mai lafiya irin wadda ta isa layya. Ba kuma sai an kafa rumfa an tara jama'a ba. A Malikiyya ma an karhanta mayar da aƙiƙa walima, abin so shi ne a ci a gida, a aika wa maƙwabta, a yi sadaka. Askin jariri lokacinsa ya wuce, ba sai an aske mata kai yanzu ba. In kuna so ku ba da 'yar sadaka a madadin nauyin gashin, alheri ne.

Ita Hajiya kada ki yi jayayya da ita, kada kuma ki kai mata wannan amsa da kanki kamar mai kai sammaci. Tsohuwa ce da ta ga takwararta tana ramewa, ta nemi dalili a cikin abin da ta sani. Ɗanta ne ya kamata ya zauna da ita cikin ladabi, ko ya roƙi limamin unguwarku ya yi mata bayani, ya kuma yi mata alkawarin cewa ranar da hali ya samu za a yanka, ita za ta raba naman da hannunta. Biyayyar uwa ba ta wajabta masa cin bashin da zai karya gidansa ba, amma ta wajabta masa tausasa harshe. In zai yiwu ku tafi asibitin tare da ita, ta ji bayanin likita da kunnenta.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: idan ba a yi wa Ummi takardar haihuwa ba saboda halin da aka haife ta, maigidanki ya nemi ofishin rajista ya yi mata tun yanzu, kafin lokacin shiga makaranta ya zo a nemi shaida.

Wallahu a'alam.