Filin Amsoshin Tambayoyinku: Koyon Salon Kiɗa Iri-iri a Jita

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Gwammaja, kuma shekara guda ke nan da na sayi jita a Sabon Gari. Na iya kama haɗin sauti (danne tsirkiyu da yawa a kaɗa su tare) guda takwas, amma duk abin da na kaɗa iri ɗaya yake fita, ko rege na nufa ko hayilayif, kiɗan nan na Ghana da kudancin Najeriya. Burina shi ne in iya salo da yawa, musamman irin na Buzaye. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, matsalarka tana hannun dama, kuma yawancin masu koyo a nan suke tuntuɓe, domin sukan ƙarar da shekara suna horar da yatsun hagu su danne tsirkiya, su bar hannun da yake kaɗawa yana tafiya yadda ya ga dama. Haɗin sauti uku kacal, wato C da F da G, sun isa a yi hayilayif da su, sun isa a yi kiɗan Kwango, sun kuma isa a yi rege. Abin da ya raba waɗannan salo shi ne lokacin da hannu yake sauka a kan tsirkiya, da lokacin da yake barin ta ta yi shiru.

Shawarata ita ce ka fara da kiɗan Buzayen da ka ambata, saboda kunnenka ya riga ya san hanyarsa tun kana yaro. Galibin kiɗanmu na gurmi da garaya da goge a kan matakan sauti biyar yake tafiya, kuma a kan waɗannan matakai biyar ɗin ne Bombino na Agadas da Mdou Moctar da ƙungiyar Tinariwen suke gina kiɗansu, haka nan marigayi Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006. Ka ajiye ɗan robar kaɗawa tukuna. Babban yatsanka zai riƙa bugun tsirkiya mai kauri ba tare da tsayawa ba, kamar yadda mai garaya yake riƙe gindin kiɗa, manuniya kuma ta riƙa fitar da waƙar a kan siraran tsirkiyu. Adon da kake ji kamar jitar tana rawar murya kuwa daga hannun hagu yake fitowa: bayan an kaɗa sauti ɗaya, sai a sauke yatsa da ƙarfi a kan tsirkiyar ko a fizge shi, sauti na biyu ya fito ba tare da an sake kaɗawa ba. Idan ka sami dama, ka zauna kusa da mai gurmi a wurin biki ka ɗauki take ɗaya ka neme shi a jitarka. Marigayi Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya yi suna a duniya, kai kuwa shida gare ka.

Bayan wata uku ko huɗu sai ka koma rege, wanda zai koya maka haƙuri. Idan kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, a kan biyu da huɗu kawai za ka kaɗa, kuma da zarar sautin ya fita sai ka sassauta yatsun hagu don ya katse. Ka sa manhajar ƙirga bugu a wayarka, ka fara da bugu 60 a minti, domin wanda ya fara da sauri gurɓataccen kiɗa yake haddacewa.

Hayilayif da kiɗan Kwango su ne na ƙarshe, saboda a cikinsu ba a share tsirkiyu gaba ɗaya, ana tsintar su ne ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa biyu-biyu, a can wajen da wuyan jita ya kusanci cikinta. Ka saurari Oliver De Coque da Victor Uwaifo, sannan Franco na Kinshasa, wanda ya rasu a 1989. A YouTube ana iya rage gudun bidiyo zuwa rabi, kuma a ganina jimla ɗaya da ka ciro da kunnenka ta fi amfani a kan darasi goma da ka kalla kana kwance. Makaɗan majami'u na Sabon Gari sun ƙware a wannan salo, kuma da yawansu suna koyarwa idan aka je musu da ladabi.

Tambaya: Malam, jitata mai tsirkiyar roba ce, kuma ina so in sa mata ta ƙarfe don amonta ya yi kama da na Agadas. Sannan na ga bayanta ya fara tsagewa tun shigowar hunturu. Daga wata mai karatu a Tarauni.

Amsa: Ƙanwata, kada ki yi haka. Ƙarfin da tsirkiyar ƙarfe take jan jita da shi ya kusa ninka na ta roba, kuma jitar da aka ƙera don roba ba za ta jure ba, wuyanta zai lanƙwashe ko kuma madaurin tsirkiyar ya ɓalle daga jikinta. Tsagewar kuwa bushewar iska ce ta jawo ta. Ki riƙa ajiye ta a cikin jakarta nesa da rana da taga, ki sa ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu mai huji a gefenta yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Ki sassauta tsirkiyun yanzu, ki kai ta wurin mai gyaran kayan kiɗa ya liƙe tsagar kafin ta yi tsawo.